Robar riƙon kyamarata tana ɗagowa, in manne ta da sufa gulu?

"Assalamu alaikum Malam. Ina ɗaukar hoto a wuraren kamu da suna da walima a nan cikin Kaduna. Bayan ƙaramar sallah na sayi kyamara ta hannu, Nikon D7000, hotonta tas, ba ni da ƙorafi a kansa. Sai dai robar wurin riƙewa ta dama ta fara ɗagowa daga ƙasa, ta baya kuma, inda babban yatsa ke zama, har zamewa take yi in na daɗe ina aiki. A ƙarƙashinta akwai wani abu baƙi mai danƙo da ke ɓata min hannu. Ƙanina ya ce in ɗiga mata sufa gulu a wuce wurin. In yi hakan? Sannan ko wannan alama ce an sayar min da kyamarar da ta gama aiki? Ina da biki ranar Asabar ta sama. Allah ya ƙara basira."

Wata mai karatu daga Unguwar Rimi

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sanya albarka a sana'a. Abu biyu kike son sani: da me za a mayar da robar, da kuma ko sakinta na nufin kyamarar ta gaji. Ta biyun ba ta da tsawo, bari in fara sauke miki ita. Nikon ta fito da D7000 a ƙarshen 2010, don haka duk wadda ke hannun mutane yau ta haura shekara goma a duniya. Kyamara mai waɗannan shekaru, in robarta ba ta saki ba to ko an taɓa canza mata, ko kuma a akwati ta yi zamanta. Sakin roba ba ya faɗin komai game da lafiyar cikinta. In kina son sanin yawan aikin da ta yi, kamfanin ya gwada shotarta, wato ɗan labulen ciki da ke buɗewa ya rufe duk lokacin da aka ɗauki hoto, a kan ɗauka 150,000, kuma kyamarorin Nikon suna rubuta adadin ɗaukar da aka yi a cikin bayanan kowane hoto. Ki ɗauki sabon hoto, ki ciro shi kai tsaye daga katin zuwa kwamfuta, ki ɗora a ɗaya daga shafukan intanet da ke karanta wannan lamba. Kada ki bi da shi ta WhatsApp, yana goge bayanan.

Sufa gulu kuwa, don Allah ki ajiye shi nesa. Ƙaninki ya yi niyyar taimako, amma wannan shi ne ainihin gyaran gangar auzinawa, kuma zan gaya miki dalili dalla-dalla.

Yadda aka manna ta tun farko

Mutane da yawa suna ɗauka an narka robar ne a jikin kyamara. Ba haka ba ne. Fata ce ta roba siririya da aka yanka daidai gurbinta, aka manna da salatif mai gam a fuska biyu, wanda kaurinsa bai kai na katin waya ba. Ba rowa ce ta sa kamfani ya yi haka ba. A ƙarƙashin robar nan akwai kusoshin da suka riƙe murfin gaba da na baya, duk ranar da kyamara ta buƙaci a buɗe ta, sai mai gyara ya ɓare robar kafin ya kai gare su. An yi ta ne don ta manne da ƙarfi, ta kuma yarda ta fita in an zo cire ta. Duk gyaran da za ki yi, ki riƙe wannan a ranki.

Baƙin abu mai danƙo da kike gani shi ne tsohon gam ɗin salatif ɗin, ya narke ya haɗu da ƙura da gumi. Abu uku ke kashe shi. Na farko zafi. Yawancin kyamarori an ƙayyade musu aiki tsakanin digiri 0 zuwa 40, mu kuwa a watan Maris da Afrilu iskar gari kaɗai tana kusantar iyakar, balle motar da aka kulle a rana a bakin Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, inda cikinta ke iya wuce digiri 60. Gam ya yi laushi, hannu ya tura robar gefe, ya huce a karkace, gobe a maimaita. Na biyu maiƙo. Roba tana shan mai a hankali, ke kuma aikinki a cikin mai yake: basilin da man kaɗanya da muke shafawa da hunturu, humra da turaren da amarya da ƙawayenta ke miƙa miki, maiƙon naman da aka ci aka koma kan aiki, ga gumin tafin hannu na awa biyar ko shida a wurin kamu. Man yana ratsa robar ya isa gam ɗin ta ƙasa, ya kuma sa ita kanta robar ta kumbura. Na uku shekaru, wanda ba shi da magani. Ki ƙara da hannun mai ita na farko, da shi ma ya zuba nasa rabon.

Abin da za ki fara dubawa

A nan ne mafi yawan masu gyara da kansu suke kuskure, suna ɗauko gam kafin su san ciwon. Roba mai ɗagowa iri biyu ce: wadda gam ɗinta ne kawai ya mutu, da wadda ta kumbura ta fi ƙarfin gurbinta. Maganinsu ba ɗaya ba ne.

Ki cire batir da kati. Ki cire lens ki rufe bakin kyamarar da murfinsa, in ba ki da murfin ki bar lens ɗin a jiki da marfinsa na gaba. Ki kama gefen da ya ɗago ki ɓare a hankali, da yatsa ko da gefen tsohon katin banki, ban da wuƙa, ban da sukundireba. Kada ki ja ta da ƙarfi kamar mai fiɗa, jan yana ƙara mata tsawo. In ta fita, ki goge danƙon sama-sama, ki mayar da ita gurbinta haka nan ba gam. Za ki ga gurbin yana da ɗan baki da ya kewaye shi. In ta kwanta lif, kowane gefe ya faɗa cikin bakin, to kin yi sa'a, sabon salatif kawai take so. In kuwa kin danna ƙasa sama ya yi tozo, kin danna tozon gefe ya hau kan baki, ta kumbura. Irin wannan ko da wane gam kika kama ta, za ta yi kwanaki ta sake tashi, domin ƙarfin da ke tura ta daga jikinta yake fitowa. Kamar hular da ta buɗe ce, matse ta a kai ba ya mayar da ita yadda take.

Daga bayaninki, ta babban yatsa da ke zamewa ta fi kama da mutuwar gam. Ta gaba mai ɗagowa daga ƙasa ita nake zargi da kumburi, domin nan ne ƙaramin yatsa da tafin hannu ke zuba gumi. Amma kyamarar ba ta hannuna, gwajin nan ne zai raba gardama.

Me ya sa na hana sufa gulu

Ruwa-ruwa ne, yana bin duk wata kafa da ya samu. A saman wurin riƙon nan akwai 'yar tayar da kike juyawa da manuniya da maɓallin ɗauka, a ƙasa ga ƙofar batir. Ɗigo ɗaya ya gangara cikin tayar, kin mayar da aikin roba ya zama aikin buɗe kyamara. Sannan in ya bushe ƙanƙara yake zama, ba ya lanƙwasa, alhali roba kullum cikin motsi take a hannu, sai ya tsattsage ya bar ta tana ƙaras-ƙaras. Mafi muni shi ne tururinsa. Yayin da yake bushewa yana fitar da wani hayaƙi da ido ba ya gani, wanda ke sauka a kan duk inda maiƙon yatsa yake ya zama farin dusa. Har masu binciken laifi suna amfani da wannan tururi wajen fito da zanen yatsa a jikin kaya. Ki yi tunanin an manna roba da shi an jefa kyamarar cikin jaka an zuge, tururin ya kwana tare da gilashin lens da tagar leƙe da allon baya.

Ana kawo min irinsu a kan teburi. Za ki ga farin hazo ya kewaye wurin riƙon kamar an barbaɗa gari, gefen robar ya yi tauri yana kartar hannu, in na zo ɓarewa sai ta riƙa fita guntu-guntu tana barin ɓawo a kan kusoshi. Abin da ke narkar da sufa gulu shi ne asiton, wato sinadarin man goge farce, shi kuma yana cin filastik ɗin jikin kyamara da rubutun da ke kan maɓallai. Sai dai a zauna da haƙuri a kankare. Aikin da zai ɗauki rabin awa ya koma na yini, robar kuma ta tafi ke nan.

Abin da ya dace a manna da shi

Zaɓina na farko shi ne abin da kamfani ya yi amfani da shi: salatif siriri mai fuska biyu, kaurin milimita 0.1 zuwa 0.2. Ba sai kin yi nisa ba, masu gyaran waya a kasuwa da kan titin Ahmadu Bello suna amfani da shi wajen manna gilashi da murfin bayan waya, ki nemi na kamfanin 3M ko Tesa. Ki guji mai soso a tsakiya da ake rataye ado da shi a bango, yana da kauri, zai ɗaga robar sama da gurbinta ƙura ta samu ƙofa. Ki guji na shagon littattafai kuma, na takarda ne, zafin bazara ɗaya ya ishe shi.

Na biyu gam ɗin B-7000, shi ma a wurin masu waya ake samu, a bututu mai siririn baki. Yana bushewa da laushi, yana ba ki 'yan mintuna ki daidaita, in an ɗumama shi kuma yana ɓaruwa. Na fi son sa a lungu da kusurwa inda salatif ba ya kwanciya, ko in gefe ɗaya ne kawai ya ɗago ba a son cire robar duka. A shafa kaɗan da tsinken sakace, a tsaya nesa da baki da kamar milimita biyu don kada ya tsattso in an danna. Gam ɗin masu gyaran takalmi irin Evo-Stik yana kamawa sosai, amma ba na ba wanda bai saba ba shawarar sa: da fuskokin biyu sun haɗu ba gyara, kuma sinadarin da ke cikinsa na iya ƙara kumbura robar.

Wankewa ita ce aikin

In akwai wuri ɗaya da nake so ki ɓata lokaci a kai, nan ne. Kusan duk robar da aka dawo min da ita ta sake ɗagowa bayan an manna, ba laifin salatif ba ne, an ɗora sabo ne a kan tsohon danƙo.

Ki fara da jikin kyamarar. Ki murza tsohon gam ɗin da babban yatsa, zai riƙa dunƙulewa yana fita kamar ƙwallayen datti. Ragowar ki bi shi da auduga mai tsinke da aka jiƙa da sifirit. Wanda aka rubuta isopropyl a jikinsa, mai kashi 90 ko sama, shi ya fi, masu gyaran waya suna da shi. Na kemis ma yana yi, sai dai yakan zo da ruwa a ciki, yana buƙatar a ba shi lokaci ya bushe, musamman da damina. Audugar za ki jiƙa, ki matse ta, kada ki taɓa zuba sifirit kai tsaye a jikin kyamara, domin akwai ramukan kusoshi da 'yan kafofi da ke kaiwa ciki. Fetur da tina da kananzir da man goge farce duk babu su a wannan aiki. Ki bi bakin gurbin da tsinken sakace, nan ne danƙo ke ɓuya, nan ne kuma roba ke fara tashi.

Ita robar ki wanke ta daban, da ruwa mai ɗumi da sabulun wanke-wanke na ruwa da tsohon buroshin haƙori, ciki da waje. Ki shanya ta a inuwa ta bushe sarai. Sannan ki goge cikinta da sifirit, ki canza auduga, ki sake, har sai audugar ta fito fara. Ki bar ta ta kwana in da hali, da safe ki taɓa cikin: in kin ji santsi, man da ta sha ne ke fitowa, ki sake gogewa. Wadda ta yi ta tsattso mai bayan an goge ta sau da yawa ta gama yayi, babu gam ɗin da zai zauna a jikinta. Daga lokacin da kika gama, kada yatsanki ya sake taɓa fuskar da za a manna.

Ki yi aikin a ɗaki a rufe, fanka a kashe. Da hunturu wannan ba wasa ba ne, minti biyu salatif ya yi a buɗe ƙura ta rufe shi.

Wajen mannawa, 'yar robar babban yatsa ba ta da wuya: ki kwantar da ita a kan salatif, ki zagaye da almakashi, ki rage kaɗan daga baki. Ta gaba mai lanƙwasa ce, salatif guda ba zai bi ta ba sai ya tattare. Ki yanka shi tsiri-tsiri, ki jera a cikin robar gefe da gefe, kada wani ya hau kan wani, kada kuma ki bar fili mai faɗi, ki tabbata kowane baki da kowace kusurwa sun samu. Ki gwada zamanta sau ɗaya kafin ki ɓare takardar bayan. Sannan ki ɓare, ki fara saka gefen da ke kusa da lens, inda yatsu ke shiga, ki bi da ita a hankali tana zagaye wurin riƙon, kina dannawa daga tsakiya zuwa baki. Kada ki ja ta don ta kai, ki bar ta ta kwanta da kanta.

Irin wannan gam da matsi yake kamawa. Ki danna ko'ina da ƙarfin babban yatsa na kamar minti biyu, ki cusa ɗan ƙyalle a nannaɗe a lungun yatsu, ki naɗe wurin da bandeji mai talewa ko tsirin atamfa, ba tare da kin danne maɓalli ko taya ba. Ki bar ta awa 24 a haka. Ƙarfinsa yana ci gaba da ƙaruwa har wajen kwana uku.

In ta kumbura

In abin da ya ƙaru bai wuce milimita ɗaya ba, ana iya rage shi. A ɗora robar a kan katako, a sa sabuwar reza, a yanke siririn zare daga gefen da ba a cika gani ba, yawanci na ƙasa, a gwada, a sake in bai isa ba. Kaɗan-kaɗan ake yi, abin da aka yanke ba ya dawowa. Wasu suna jiƙa ta a ruwan zafi ko a man laita don ta tsuke. Takan tsuke ɗin, amma abin da na gani shi ne ko ta koma yadda take bayan ɗan lokaci, ko ta bushe ta yi tauri. Ba na yi wa kayan mutane haka.

Gyara na gaskiya ga wadda ta kumbura sosai shi ne sabuwa. Ana sayar da saitin robar D7000 a kasuwannin intanet, yawanci daga Sin suke zuwa, kuɗinsu kaɗan ne in aka kwatanta da kuɗin kyamarar. Ki rubuta lambar kyamararki daidai, domin kowace da yankanta, ki kuma duba ko da salatif ɗinta a manne take zuwa, wasu ba sa haɗawa. Ba duka suke kai ta asali laushi ba, wata takan zo da ɗan tauri ko ɗan bambancin zane, amma sabuwa mai zama daidai ta fi tsohuwar asali mai tozo. Ko sabuwa ce, wankin gurbin nan bai faɗi ba.

Inda wannan gyara ya tsaya

In kin ɓare robar kika ga tsaga a jikin kyamarar, ko kika ji ba robar kaɗai ke motsi ba har da murfin da ke ƙarƙashinta, to ta taɓa faɗuwa ko kusa ta kwance, ki kai wa mai gyara. Kada ganin kusoshi a fili ya ja ki ki kwance su. Kyamara mai filasha a kanta tana da wani ƙaramin abu a ciki da ake kira kafasito, da ke riƙe wutar lantarki mai ƙarfin wajen volt 300, kuma yana iya riƙe ta ko bayan an cire batir. Sabuwar roba kuma ba ta mayar da tsohuwar kyamara mai jure ruwa, in hadari ya taso a watan Agusta ki rufe ta.

Ga sauran masu karatu da robarsu ba ta saki ba amma ta yi fari: yawanci gishirin gumi ne ko sinadarin robar da ya taso sama, ƙyalle mai ɗan danshi da buroshi suna fitar da shi. Sai dai masu Canon 650D su lura, a 2012 kamfanin ya sanar cewa robar wasu daga cikinsu tana yin fari saboda wani sinadari da kan iya sa ƙaiƙayin fata, irin wannan canzawa ake yi. Robar da ke zagaye da lens kuma yawanci ba gam ke riƙe ta ba, talewa ce, in ta saki a zare ta a sa tsirin salatif a ƙasa ko a sayi wata.

Bayan kin gyara, abin da zai sa ya daɗe ba shi da yawa. Ki wanke hannu bayan shafa mai ko turare kafin ki ɗauki kyamara, ki yi hattara da maganin sauro na shafawa mai ɗauke da sinadarin DEET, yana cin roba da filastik. In kin dawo daga biki ki goge wurin riƙon da ƙyalle mai ɗan danshi kafin ki sa a jaka. Kada ta yini a mota. Da damina ki zuba 'yan ƙullin nan masu shan danshi da ke zuwa a kwalin takalmi cikin jakarta.

Batun Asabar kuwa, ki yi gwajin yau. In gam ne kawai, ki wanke gobe, ki manna zuwa Talata ko Laraba, za ta kama sosai kafin ranar. In ta kumbura kuma sabuwa ba za ta iso ba, ki wanke, ki rage gefen da reza, ki kama ta da salatif ɗin, zai kai ki bikin lafiya, in sabuwar ta zo a ɓare wannan cikin sauƙi a saka ta. Ki rataya igiyar kyamarar a wuya ko ki naɗe ta a hannu ranar, kada ki dogara da riƙon kaɗai. Allah ya ba da sa'a, ya sa a yi taro lafiya.